An nemi in ba da ɗan naman hanjina don bincike, wa ya san kan wannan abu?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman wanda zai warware mini wani abu da Hausa, don na karanta takardar da aka ba ni har sau uku, kaina bai ɗauka ba.

Ina da cutar Crohn, irin kumburin hanjin nan da ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai ya kwanta ya tashi. Tun ina gida abin ya fara, ina goyon 'yan biyuna. Ciwo a gefen dama ƙasa da cibiya, zawo sau shida sau bakwai a yini, ga rama kamar ana zuƙe ni. Da farko aka ce atini ne, na sha Flagyl har bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Aka dawo aka ce basir ne, Inna ta dinga aiko mini da jiƙo a galan. Daga baya a wani asibiti aka ce tarin fuka ne na hanji, na sha maganinsa wata shida cif, fitsarina ya yi jawur, ciwo kuwa yana nan inda yake. Sai da maigidana ya samu aiki muka taho Ingila aka yi mini kolonoskofi, wato aka zura kyamara ta ƙasa, aka ga ƙarshen ƙaramin hanjina duk gyambo ne.

Aka ɗora ni a kan infliximab, ƙarin ruwa ne duk bayan sati takwas. Shekarar farko wallahi na manta da ciwo. Na ci tuwo, na ci ƙosai, na yi azumi talatin ban sha ko ɗaya ba. Yanzu wata biyar ke nan abin ya dawo. An gwada jinina, likita ta ce maganin yana nan isasshe a jikina, kuma jikin bai ƙirƙiro abin yaƙarsa ba, amma gwajin bayan gida ya nuna kumburi ya yi sama. Ita kanta ta ce ba za ta iya faɗa mini takamaiman dalili ba.

Ranar Talata za a sake saka kyamarar. Jiya wata ma'aikaciyar jinya mai kula da bincike ta kira ni, ta ce ko zan yarda a ɗebi ƙarin 'yan gutsattsarin nama bayan wanda likita za ta ɗiba, don wani bincike da ake duba ƙwayoyin garkuwar jiki na hanji ɗaya bayan ɗaya. Da na gaya wa Inna a waya sai ta ce kul, kada in bari a mayar da ni abin gwaji. Maigidana ya ce shawara tawa ce.

Abin da nake son sani: mene ne wannan duba ƙwaya ɗaiɗai? Me ya bambanta shi da wanda ake yi mini kullum? Kuma zai gaya musu dalilin da maganina ya daina aiki?

Baban Sadiya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Ni nawa na babban hanji ne, mai zubar da jini, shekara goma sha ɗaya ina fama, mesalazine nake sha kullum. Ban san wannan bincike ba, amma shawarata ki tambaye su ƙarara: in na ƙi, za a rage mini kulawa? Kuma ina za a kai naman? Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki gane ba. Maganar mahaifiyarki ba ta banza ba ce, tsoron uwa ne.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Hajiya sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan aikin shi nake yi da hannuna, ina digiri na uku a fannin garkuwar jiki a nan Turai. Ni ba likitan asibiti ba ne, don haka maganar canjin magani ta likitarki ce. Amma abin da ake yi da naman, wannan zan iya faɗa miki tiryan-tiryan.

Wanda ake yi miki kullum, ana yanka naman siriri a shafa masa launi, likitan ɗakin gwaji ya duba da madubin ƙara girma. Zai ga kumburi, zai ga ƙwayoyin garkuwa sun yi cincirindo, amma da yawansu kamanninsu ɗaya a ido. Akwai wata hanyar kuma da aka daɗe ana bi a bincike, a niƙe naman gaba ɗaya a auna saƙonnin da ke cikinsa. Wannan kamar markaɗe ne. Kin kai tumatir da tattasai da albasa da attaruhu inji, an haɗe su, kin ɗanɗana kin ji yaji. Yajin na attaruhu biyu ne masu zafin gaske, ko na guda ashirin ne marasa ƙarfi? Markaɗe ba zai gaya miki ba. Duba ƙwaya ɗaiɗai shi ne a baje kayan miyan a faranti kafin a kai inji, a ɗaga kowanne a san shi.

Ga yadda ranar take a wurinmu. Gutsuren da ake kawowa bai fi ƙwayar dawa ba, milimita biyu zuwa uku. Yana zuwa cikin 'yar kwalba mai ruwan hoda, a binne cikin ƙanƙara, kuma daga wannan lokacin gudu muke yi, don ƙwayoyin suna fara mutuwa. Mu wanke shi da wani ruwa da ke saki fatar saman hanjin, sannan mu daddatsa ragowar mu zuba sinadarin da ke narkar da abin da ya riƙe ƙwayoyin, a ɗumin jikin mutum, digiri 37. Bayan kamar rabin awa ruwan zai yi gurɓi-gurɓi kamar tsinkakken koko. Mu tace, mu ɗiga shuɗin launi a kan kaɗan daga ciki: matattun ƙwayoyi suna shan launin, rayayyu suna ƙyalli fes. Wannan lokacin ne gabana ke faɗuwa kullum, don in matattun sun yi yawa, kyautar da mara lafiya ya yi ta tafi a banza.

Daga nan sai na'ura. Tana tura ƙwayoyin ta wata siririyar hanya, tana kulle kowace ɗaya cikin ɗigon ruwa da mai ya kewaye, tare da wani ɗan ƙanƙanin dutsen ado mai ɗauke da lambar shaida. A cikin ɗigon ƙwayar za ta fashe, saƙonninta da ake kira RNA su manne da lambar. Kin san yadda ake rubuta suna a jikin buhu a tasha, ko an jibga buhu ɗari a mota ɗaya kowa zai gane nasa. To haka ne. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000, amma ba duka kowace ƙwayar halitta ke kunnawa ba. Waɗanda ta kunna su ne ke nuna ko ita wace ce, da abin da take aikatawa a ranar. A ƙarshe kwamfuta ta zana mana taswira, kowane ɗigo ƙwaya ɗaya, masu kama da juna sun taru unguwa-unguwa.

Fasahar ba tsohuwa ba ce. A 2009 aka fara karanta RNA na ƙwaya guda, dabarar ɗigon mai kuma ta fito a 2015, ita ce ta sa ake iya yin dubbai a zama ɗaya.

Yanzu ga abin da ya shafe ki kai tsaye. Infliximab abu ɗaya yake toshewa, wani saƙon tayar da kumburi mai suna TNF. Tun 1998 ake ba masu Crohn shi, ya ceci hanjin mutane masu yawa. Amma kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya yi musu aiki tun farko, wasu kuma ya yi sannan ya daina. Wani lokaci jiki ne ke ƙera makamin da ke kashe maganin. Ke an ce ba haka ba ne, maganin yana nan, wataƙila kumburin ne ya samu wata hanyar. Wannan tambayar ce ta sa mutane irina ba ma barci.

A 2019 aka fitar da bincike biyu da suka buɗe mana ido. Na farko daga asibitin Mount Sinai na birnin New York, inda aka fara bayyana cutar Crohn ɗin kanta a 1932. Sun duba ƙarshen ƙaramin hanji na marasa lafiya 11 da aka yi wa tiyata, daidai wurin da naki yake. Sai suka ga a jikin wasu akwai wata ƙungiya da ke tafiya tare: ƙwayoyi masu ƙera garkuwa nau'in IgG, da makrofaj masu zafin kai, wato ƙwayoyin da ke haɗiye ƙazanta, da fararen ƙwayoyin jini nau'in T da aka zuga, da ƙwayoyin da ke saƙa naman hanjin kansa. Suka sa mata suna GIMATS. Da suka nemi alamarta a wasu rukunan marasa lafiya, sai ga shi masu ita sun fi kasa samun sauƙi mai ɗorewa da magungunan TNF.

Na biyu daga cibiyar Broad da ke kusa da Boston, ƙarƙashin Aviv Regev da Ramnik Xavier. Su babban hanji suka duba, irin ciwon Baban Sadiya: ƙwayoyi 366,650 daga marasa lafiya 18 da masu lafiya 12, suka rarrabe su gida 51. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne faiburobilas, waɗannan masu saƙa naman. Da can kallon bango ake yi musu, abin da ke riƙe gini kawai. Ashe in kumburi ya daɗe, wasunsu suna rikiɗa su shiga faɗan da kansu. Tun 2017 masana a Oxford sun lura cewa masu yawan wani saƙo mai suna oncostatin M a hanjinsu sun fi ƙin jin maganin TNF. Taswirar Broad ta nuna masu aika saƙon, wato wasu fararen ƙwayoyin jini da suka shigo hanji a fusace, ta kuma nuna masu karɓarsa, wato waɗannan faiburobilas. Suna ta zuga juna, ko da an toshe bakin TNF.

Ban ce abin da ke faruwa a cikinki ke nan ba. Ban sani ba, likitarki ma ba ta sani ba tukuna. Kuma gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu: da wuya sakamakon wannan binciken ya dawo gare ki, da wuya ya canza maganin da za a rubuta miki wata mai zuwa. Ana cire suna a sa lamba, ana haɗa na mutane da yawa, kuma aikin yana ɗaukar shekaru. Har yau gwajin bai zama abin da ake yi wa kowa a asibiti ba, tsadarsa ta yi yawa, kuma yana da nasa gurguncin. Wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira nutrofil ba sa jure wahalar, yawancinsu ɓacewa suke yi kafin a ƙirga su, alhali su ne suka cika gyambo. Sannan da zarar mun narkar da naman, mun rasa sanin wa ke maƙwabtaka da wa. Shi ya sa yanzu ake haɗawa da wata hanyar da ke karanta saƙonnin a jikin yankakken nama ba tare da an wargaza shi ba.

A kan tambayar Baba, tana kan hanya. A Ingila akwai dokar kula da naman jikin ɗan Adam ta 2004, kuma sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a fara irin wannan bincike. Kina da ikon cewa a'a, kulawarki ba za ta ragu ba, kina kuma da ikon janyewa daga baya. Ki duba takardar, za ki ga an rubuta inda za a ajiye naman da waɗanda za a iya ba bayanan.

Likita daga Arewa ya rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ina duba masu ciwon ciki a nan gida, kuma labarin Hajiya na farko shi ya tsaya mini a rai, don ina ganin irinsa.

Ina roƙon kada a ɗauka wanda ya ba ta maganin tarin fuka sakarci ya yi. Tarin fuka na hanji da Crohn wuri ɗaya suka fi so, mahaɗar ƙaramin hanji da babba. Alamominsu ɗaya: rama, zazzaɓi, ciwon gefen dama. A kyamara suna kama, a madubi ma dukansu suna iya nuna irin dunƙulen ƙwayoyin nan da muke kira giranuloma. Nijeriya kuwa ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. In na yi kuskure na ba mai Crohn maganin tarin fuka, na ɓata masa watanni. In na yi kuskure na ba mai tarin fuka maganin danne garkuwa, ina iya kashe shi. Shi ya sa muke fara wancan. Inda ake samun gyara shi ne a sake dubawa bayan wata biyu ko uku, in babu sauyi a sake tunani, kada a jira wata shida su cika. Haka ma atini na amiba: a ba mai shi prednisolone, wani maganin danne garkuwa, da zaton kumburin hanji ne, hanjin na iya hujewa. Dole a gwada bayan gida tukuna.

Tambayata gare ka Malam: taswirorin nan naku, naman su waye a ciki? Hanjin da ya tashi da tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro da ruwan rijiya da gero, garkuwarsa ɗaya da na wanda ya tashi a Boston? In akwai abin da nake fata daga wannan fasaha, bai wuce ta samo mana alama guda mai arha da za ta raba Crohn da tarin fuka ba. Wannan kaɗai zai canza aikina.

Hajiya, ɗibar gutsuren ba ta da zafi, fatar cikin hanji ba ta jin yanka kamar fatar waje. Ɗan jini kaɗan na iya biyo bayan gida kwana ɗaya. In kina shan maganin tsinka jini, ki faɗa musu kafin ranar.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Likita ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Yawancin naman daga Turai da Amurka yake, babu ɓoye-ɓoye. Babban aikin taswirar ƙwayoyin jikin ɗan Adam da Aviv Regev da Sarah Teichmann suka jagoranci kafawa a 2016 ya kai ga haɗa taswirar hanji mai ƙwayoyi miliyan 1.6 a 2024, kuma su kansu suna maganar buƙatar shigo da sauran al'ummun duniya. Ko a ɓangaren gado haka ne. An gano wurare sama da 200 a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da kumburin hanji, amma yawanci a jikin Turawa. Ƙwayar gado mai suna NOD2, wadda aka gano a 2001 kuma ta fi kowacce suna a Crohn, sauye-sauyenta da aka sani a Turawa ba kasafai ake samunsu a mutanen gabashin Asiya ba, alhali su ma suna yin cutar. Wannan ya isa ya nuna cewa abin da aka gani a wata al'umma ba lallai ya hau kan wata ba.

Wahalar yin aikin a gida ita ce ƙwayoyin suna son a sarrafa su da rai cikin 'yan awoyi, ga wuta, ga sanyi, ga kuɗin sinadarai da dala. Amma yanzu akwai hanyoyin da ake fara kafe naman da sinadari a ajiye, a yi aikin daga baya. In da hali, Likita, mu yi magana ta gefe.

A ɗakin gwajinmu, cikin duk kwalaben da suka ratsa hannuna, ban tuna na taɓa riƙe na Bahaushe ba. Ba na faɗi haka don in matsa wa Hajiya ba, jikinta ne.

Maman Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Likita, maganarka ta sauke mini wani nauyi. Shekara bakwai ina riƙe da wancan asibitin a zuciya a kan wata shidan nan, ban taɓa sanin abin da suke gudu ba. Kafin a fara mini infliximab ma sai da aka yi mini hoton ƙirji da gwajin jini na tarin fuka, sai yanzu na haɗa zaren.

Malam Ɗan Tudun Wada, ba zan ɓoye ba, na ɗan ji babu daɗi da ka ce sakamakon ba zai dawo gare ni ba. Na sa rai za a ce ga sunan ƙwayar da ke cina, ga maganinta. Amma gara da ka faɗa. Na kira ma'aikaciyar na yi mata tambayoyin Baba ɗaya bayan ɗaya, ta amsa ba tare da ƙosawa ba. Ta ce za a ɗiba daga wurin gyambon da kuma wurin da ke lafiya don a kwatanta, sannan in an canza mini magani za su so su sake ɗiba bayan wasu watanni, in na yarda.

Na sake kiran Inna na yi mata misalin markaɗe. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko wannan ciwon yana bin jini, ko Hassana da Usaina za su iya gadonsa. Na ce mata likita ta ce haɗarin ya fi na sauran yara, amma yawancin 'ya'yan masu cutar ba sa yi. Sai ta ce to in ba su, Allah ya sa a dace.

Baban Sadiya ya rubuta:

Madalla. Ki daure da shan ruwan wankin cikin nan na daren Litinin, ki sa shi a firiji ya yi sanyi, ya fi shiga. Allah ya sa a yi a sa'a.

Maman Biyu ta rubuta:

An yi jiya, alhamdu lillahi. Ban yarda an sa ni barci sosai ba, don haka ina kallon talabijin ɗin da ke gefen gado. Na ga wurin da kaina, ja ne da fararen gyambuna dogaye, sai ɗan bakin ƙarfe ya fito ya tsinko nama ya koma. Ban ji komai ba sai ɗan ja kaɗan. Wata yarinya tana tsaye da akwatin ƙanƙara a bakin ƙofa, ana miƙa mata kwalaben, ruwan cikinsu hoda kamar yadda ka faɗa, Malam. Ana ba ta ta ƙarshe ta rufe akwatin ta fita da sauri.

Likita ta ce za ta dakatar da infliximab, tana tunanin ustekinumab ko risankizumab, za mu zauna nan da sati biyu in sakamakon nata gwajin ya fito. Ta ce su ba TNF suke toshewa ba, wata hanyar ce daban. Akwai wanda ya taɓa amfani da ɗayansu a nan? Ina son sanin yadda allurar gida take, don ban taɓa yi wa kaina allura ba, kuma ina so in san ko zan iya tafiya da ita gida in na je ganin Inna da babbar salla.